Zuwa Damagaram da tsohuwar Land Cruiser

Kawuna yana da Land Cruiser buɗaɗɗiya ƙirar 1978, irin wadda ake kira FJ45. Daga hannun kakanmu ya gaje ta, kuma har yau ita ke kwaso masa gero daga gona. Da ta fara shaƙewa a hawa tana harbi ta salansa, kanikawa suka ce distirbuta ce ta gaji. Ya sayi sabuwa, ta zamani marar kwantak, amma ya hana kowa ɗaura ta. Akwai wani dattijon bakanike a Damagaram da ya tsufa a kan irin wannan inji, shi kaɗai Kawu ya yarda da shi. Ni aka ce in raka shi.

Mun bar Kano bayan sallar asuba, ana tsakiyar hunturu, hazo ya lulluɓe duwatsun Kazaure. Motar ba ta san gaggawa ba, don haka muka bi ta a yadda take so. A Daura muka karya da kunu da ƙosai, muka tsallaka iyaka ta Kwangwalam, muka wuce Matamaye. Daga nan ne ciwon ya tsananta: duk lokacin da Kawu ya taka totur sai ta yi tari ta ja baya, sannan ta fizga. A Takeita muka hau babban titin da ya taso daga Maraɗi, muka miƙa gabas. Da la'asar muka shiga Damagaram, garin manyan duwatsu, wanda ya riƙe matsayin babban birnin Nijar har 1926, lokacin da Faransawa suka mayar da hedkwata Yamai.

Garejin yana unguwar Zango, ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro. Gefe guda an jere gawarwakin Land Cruiser da suka sha hanyar Tanut da Agadas. Bayan doguwar gaisuwa, dattijon ya saurari injin, ya kashe, ya buɗe murfin distirbuta, ya girgiza sandarta da yatsu biyu. Tana lilo. Ya zare ta, ya ce a miƙo sabuwar, ya kwantar da su kafaɗa da kafaɗa a kan katako. A idona babu bambanci. Shi kuwa sai ya ɗauko guntuwar waya ya auna daga kafaɗar da ke zama a kan jikin inji zuwa ƙarshen sanda. Sabuwar ta gaza da abin da bai fi tsawon ƙwayar shinkafa ba.

"Alhaji," in ji shi, "wannan za ta shiga rami, za ta ba da wuta, mota za ta tashi. Amma da bakin harshe kawai za ta kama famfon mai. Ranar da ta zame, kafin ka ankara inji ya buga."

Na ce, "Baba, ina ruwan mai raba wuta da baƙin mai?"

Ya haska mini ramin da tocila ya ce, "Leƙa, ɗana." Can ƙasa na hango kan wata sanda mai tsaga a tsakiya.

Injin motar sunansa 2F, silinda shida a jere, lita 4.2. Toyota ta fito da shi a 1975 don ya gaji injin F mai lita 3.9. A cikinsa kamshaf ne ke juya giyar da ke jikin distirbuta. Daga sama distirbuta na raba wuta ga fulogai bisa tsarin 1-5-3-6-2-4. Daga ƙasa kuma ƙarshen sandarta, wanda aka fiƙe kamar harshe, yana shiga waccan tsaga ya juya famfon baƙin mai. Famfon ba shi da wani mai juya shi sai ita. Haƙoran giya na iya kamawa alhali harshen bai shiga tsaga ba. A wannan hali inji zai tashi da daɗin ji, amma mai na kwance a kasko, kiranshaf na gudu a kan busasshen metal. Mintoci kaɗan sun isa su cinye shi.

Dattijon ya ƙara da cewa ko tsawo ya yi daidai, sai an duba yawan haƙoran giya da karkatarsu, da kuma taurin ƙarfen, domin giyar da ba ta dace ba tana cin ta kamshaf, garin ƙarfen ya bi mai ya zaga inji. Irin wannan gini ya yawaita a tsofaffin motoci. Haka yake a injin V8 da Chevrolet ta fitar a 1955, inda jikin distirbuta ma yake toshe wata hanyar mai, da kuma V8 ɗin Range Rover ta 1970.

Muka kwana a garin. Da safe yaronsa ya ciro distirbuta ta asali daga wani mataccen 2F da ke cikin garejin, aka wanke ta da fetur, aka sa mata sabon kwantak. Kafin a ɗaura, dattijon ya cire murfin saman inji, ya zura doguwar sanda mai faffaɗan baki cikin tsagar famfo, yaron ya yi ta juyawa da injin huda. An ɗan jima, sai ga baƙin mai ya fara tsattsafowa a kan hannuwan da ke danna bawul. Sannan ya daidaita tsagar da dogon sukundireba, ya sauke distirbuta a hankali. Karon farko ta tsaya da ɗan gibi tsakaninta da jikin inji. Bai taɓa sifana ba. Ya zare, ya ɗan murɗa tsagar, ya sake saukewa, ta zauna daram. "Ba a jawo ta ƙasa da noti," ya gaya wa yaron. Da Kawu ya murɗa makulli, idon kowa na kan allurar ƙarfin mai. Ta tashi nan take. Bayan haka ne aka saita taimin.

Kafin azahar muka zaga Birni, muka ga ƙofar fadar Sarkin Damagaram, muka kamo hanyar gida. Har Kano motar ba ta yi tari ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yawan tsofaffin injuna masu lafiya da ke mutuwa a hannun sabon kaya. An daina ƙera wannan jerin motoci a Japan tun 1984, kayan gyaran asali na ƙaranci, makamantansu na cika shaguna, masu sanin bambancin kuma na tsufa. Duk mai irin wannan mota, kada ya jefar da tsohuwar distirbutarsa sai ya auna sabuwa da ita. Idan an ɗaura an tayar, ya duba allurar mai kafin ya saurari muryar inji, in ba ta motsa ba cikin daƙiƙoƙi kaɗan ya kashe. Matasan kanikawa kuma su nemi irin wannan dattijo su zauna a gabansa tun yana da ƙarfin riƙe sifana.