Jinin Da Ke Ɓuya A Cikin Tumbi

Ba kowane jini ne ke fitowa ja ba. Idan gyambo ya ci bangon tumbi yana ɗigar da jini kaɗan-kaɗan, ruwan tsami na ciki yakan dafa jinin nan har ya koma baƙi-baƙi kamar jiƙaƙƙen garin gawayi, wani lokaci ma ya ɓace wa ido ɗungurungum. Mai ciwon sai ya yi ta ramewa, idonsa na fari, 'yan'uwa na cewa shawara ce, wasu na cewa sammu.

Wani tela mai shekara arba'in da 'yan kai ya yi wata huɗu a wannan hali. Kullum da safe yakan haɗiyi asfirin biyu saboda ciwon baya, tun kafin ya karya kumallo. Ran da amai ya kai shi asibiti, ya yi ta rantsuwa bai taɓa ganin jini ba, kuma gaskiya ya faɗa. Aka zura masa siririyar roba ta hanci har tumbi, aka zuƙo ruwa kaɗan, aka aika ɗakin gwaji.

Aikin da ake yi a can bai kai minti biyu ba. Ana shafa ruwan a kan 'yar takarda da aka jiƙa da ƙaron wani itace na tsibiran Karebiyan mai suna gwayak, sa'an nan a ɗiga mata ruwan haidurojin ferokzayid. In akwai jini, sinadarin da ke ba shi launin ja sai ya sa takardar ta rikiɗe ta yi shuɗi. Ta telan ta yi shuɗi.

Dabarar tsohuwa ce. Wani likitan Jamus, Ismar Boas, shi ya jawo hankalin likitoci ga ɓoyayyen jini a 1901. Daga baya aka yi yayin wani sinadari, benzidin, har aka gane yana jawo ciwon daji, aka yi watsi da shi.

Amma fa takardar tana da nata ruɗin. Tsamin tumbi kan hana ta nuna jinin da ke nan, shi ya sa ba a gwada ruwan ciki da takardar gwajin bayan gida. Akwai tasa daban, wadda ke kashe tsamin tukuna. Wanda ya ci tsire da dare, jinin naman kan iya shuɗa takarda a banza. Ita robar ma, in ta ƙurje hanci, ta kawo nata jinin. Saboda haka likita mai hankali ba ya yanke hukunci da shuɗi kaɗai.

Telan sai da aka leƙa tumbinsa da na'urar nan mai fitila a baki, aka ga gyambon ƙuru-ƙuru. Aka hana shi asfirin, aka kuma gwada shi ko yana ɗauke da ƙwayar cutar nan da Barry Marshall da Robin Warren suka gano a Ostareliya a 1982. Yana ɗauke da ita, aka ɗora shi a kan magani na mako biyu.