Nicodemus, Garin da 'Yantattun Bayi Suka Haƙa da Hannunsu

A shekarar 1877 wata takardar talla ta riƙa yawo hannu zuwa hannu tsakanin baƙaƙen fata na yankin Lexington, a jihar Kentucky ta Amurka. Maganarta gajera ce: duk mai son ƙaura zuwa Kansas ranar 5 ga Satumba, ya tanadi dala biyar. Yawancin waɗanda aka karanta wa takardar a cikin bauta aka haife su, domin a Kentucky ba a kwance wa bayi mari ba sai a Disambar 1865, lokacin da gyara na 13 ga tsarin mulki ya fara aiki. 'Yancin ya zo, amma gona ba ta biyo shi ba. Mutum yana nan a filin tsohon ubangidansa yana noma-mu-raba, kaka ta yi, a auna amfani, a ce masa har yanzu da sauran bashi a kansa. A shekarar 1877 kuma gwamnatin tarayya ta janye hannunta daga kare baƙar fata a jihohin kudu, kowa ya ga inda aka dosa.

Kansas tana da abin da ake nema. Dokar rabon filaye ta 1862 ta ce duk wanda ya zauna a fili mai eka 160, ya yi muhalli, ya noma shi shekara biyar, filin ya zama halalinsa. Wani Bature dillalin filaye, W. R. Hill, da wani limamin coci baƙar fata, W. H. Smith, da abokansu suka kafa kamfanin gari, suka yanki wuri a gundumar Graham, a bakin kogin Solomon, suka kira shi Nicodemus. A watan Satumba mutum wajen 300 suka taso daga Kentucky, wani ayarin ya biyo su a farkon 1878.

Jirgin ƙasa ya sauke su a Ellis, saura tafiyar mil 35, mai keken doki a keke, marar shi a ƙafa. Da suka iso, gani ya kori ji. Mutanen da suka tashi cikin korayen tuddai da dazuzzukan Kentucky suka tarar da fili fetal, ciyawa iya ganin ido, itace sai 'yan tsiraru a bakin kogi. Willianna Hickman, matar fasto Daniel Hickman, wadda ta zo da ayarin 1878, ta ba da labari bayan ta tsufa cewa da aka ce an iso sai ta duba ba ta ga gida ko ɗaya ba. Mijinta ya nuna mata hayaƙi yana fitowa daga ƙarƙashin ƙasa, ya ce garin ke nan. Sai ta fashe da kuka.

Gaskiya ya faɗa mata. Da babu katako, babu kuɗin sayensa, sai mutane suka haƙa ramuka a jikin tudu, suka jera 'yan sanduna a sama, suka rufe da ciyawa da ƙasa. A nan ake kwana, a nan ake girki, a nan ake haihuwa. In an yi ruwa rufi ya yi yoyo, maciji da ƙwari kuma ba sa neman izini. Makamashin girki busasshen kashin dabbobi ne da karan furen rana. Ayarin farko sun zo lokacin shuka ya wuce, saboda haka hunturun 1877 ya same su hannu wofi. Wasu suka juya gida, wasu suka koma garuruwan gabashin jihar neman ƙodago. Zuriyar waɗanda suka tsaya har yau suna ambaton 'yan ƙabilar Osage da alheri, domin sun ratsa ta wurin suna dawowa daga farauta, suka raba nama da baƙin da yunwa ta galabaitar.

Da sanyi ya wuce aka shiga sharar gona. Ciyawar filayen Kansas saiwarta a sarƙe take, sai garma mai ƙarfi da dawaki ke iya keta ta, su kuwa dabbobinsu ba su taka kara sun karya ba. Da shebur da fartanya da gatari wasu suka fasa ekokinsu na farko. Maza suna tafiya aikin layin dogo ko ƙodago a gonakin nesa, yara da mata suna tsintar ƙasusuwan ɓaunar da mafarauta suka karkashe a daji, a kai tasha a sayar. A haka masara ta fito, alkama ta biyo baya. Aka bar rami aka koma ɗakin da ake ginawa da curin ƙasa mai saiwar ciyawa, daga baya aka gano farin dutse mai laushin sassaƙa a kusa, aka shiga gini da shi.

Abin da ya fi burge ni a tarihin garin nan shi ne abubuwan da suka sa a gaba tun ba su da rufin kirki. Tun suna cikin ramuka suka kafa majami'u. Z. T. Fletcher ya buɗe kanti da gidan waya, matarsa Jenny ta tara yara a ɗakin ƙasa tana koya musu karatu. Iyayen yaran nan a zamanin bauta ba kowa aka bari ya riƙe littafi ba, shi ya sa ba su jira sai ciki ya cika kafin su nemi makaranta. Tasu ce ta zama gundumar makaranta ta ɗaya a duk Graham. Daga garin ne kuma Edward P. McCabe, wanda ya sauka a 1878, ya ci zaɓen babban mai binciken kuɗi na jihar Kansas a 1882.

Kafin shekara goma ta cika, Nicodemus ya zama gari sosai. Akwai kantuna, da maƙera, da bargar dawakin haya, da otal ɗin St. Francis da Fletcher ya gina, da banki, da ƙungiyar wasan ƙwallo, da ta masu kiɗa. Jaridu biyu ke fita, Western Cyclone daga 1886 da Nicodemus Enterprise daga 1887. Turawa 'yan kasuwa suka zo suka buɗe shaguna kusa da na baƙaƙe. Abu ɗaya ya rage: jirgin ƙasa. A wancan zamani manomin da ba shi da tasha kusa, ribar alkamarsa a hanya take ƙarewa. Mutanen gari suka kaɗa ƙuri'a suka yarda su ɗauki bashi don jawo kamfanin Missouri Pacific, layinsa ya tsaya a Stockton. Kamfanin Union Pacific kuma ya shimfiɗa nasa a 1888 ta kudancin kogi, kimanin mil shida daga garin. Inda ya kafa sansani nan garin Bogue ya tsiro, 'yan kasuwa suka kwashe kaya suka bi shi, wasu har da gine-ginensu suka ja.

Kasuwa ta watse, manoma suka tsaya, domin su ba ciniki ya kawo su ba. Sun zo neman ƙasar da babu mai korarsu daga kanta, kuma sun samu. Fari da guguwar ƙura da karayar tattalin arziki na shekarun 1930 sun cinye gonaki da dama, matasa suka bazu birane. Duk da haka a 1939 aka gina zauren taron gari da farin dutsen nan a ƙarƙashin shirin samar da aiki na gwamnatin tarayya. Gidan waya ya rufe a 1953. A ƙidayar 2020 mazauna garin ba su kai ashirin ba.

Wanda ya auna Nicodemus da yawan jama'a zai ce ya mutu. Ban yarda ba. Tun 1878 suke bikin tunawa da 'yanci, kuma har yau duk ƙarshen watan Yuli jikoki da tattaɓa-kunne suna tahowa daga ko'ina a Amurka, a ci, a sha, a yi addu'a, a nuna wa yara kaburburan kakanni da iyakar gonakinsu. Zumunci a ƙafa yake, su kuwa ba su gaji da tafiyar ba. Zuriyar ce ta dage har majalisar dokoki ta mayar da wurin dandalin tarihi na ƙasa a 1996, aka kare gine-gine biyar: majami'u biyu, da makaranta, da otal, da zauren taro. Kamfanin jirgi ya iya hana garin girma da layi ɗaya da ya ja a taswira. Abin da bai iya ba shi ne raba mutanen da a da ake rubuta sunansu cikin dukiyar wani da takardar filin da ke ɗauke da sunansu, kuma wasu daga cikin filayen nan har yanzu jikokinsu ke nomawa.