Mun Je Rabon Gado a Tsibirin Tafkin Volta

A watan jiya ba ku ji ɗuriyarmu a wannan fili ba, dalili kuwa rasuwa aka yi mana. Kawunmu, ƙanen mahaifiyarmu, shi ne Allah Ya yi wa cikawa a wani tsibiri cikin tafkin Volta, inda ya shekara ashirin da 'yan kai yana sayen kifi yana banda. Labarin bai iso Salaga ba sai bayan kwana uku, an riga an rufe shi. Allah Ya jiƙansa.

Ya bar uwargida da 'ya'ya mata biyu a Salaga, amarya da ɗa namiji guda a tsibirin. A zango kuwa an daɗe ana cewa Kawu yana da gidaje da filaye a can. Saboda haka bayan sadakar arba'in dangi suka tashe mu mu uku mu je mu ƙidayo: yayanmu mai shagon yadi a Yendi, da ƙanenmu mai fataucin albasa a Bawku, da mu, don wai malamin makaranta shi ya iya riƙon alƙalami.

Daga Salaga lori muka shiga zuwa Makango, nan hanya ta ƙare a bakin ruwa. Yaran yanzu ba su san cewa wannan ita ce babbar hanyar Kumasi zuwa Tamale a dā ba, ta Yeji da Salaga. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965, kogin da ake tsallakewa nan da nan ya zama tafki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,500, manyan motoci suka koma bin Kintampo da Buipe, aka bar mu da pantun mai ɗaukar motoci tsakanin Makango da Yeji. Mu dai ba pantun ne namu ba. Babban kwalekwalen katako mai inji muka jira, irin wanda ke zaga tsibirai ranar kasuwa, kuma idan ya wuce ka sai wani mako.

Tun hantsi ake lodi har azahar: buhunan gishiri da gari, jarkokin mai, kwanon rufi, babur guda, awaki huɗu, sa'an nan mutane a bisa kayan. Rigunan tsira da muka gani ba su kai goma ba, mu kuwa mun haura hamsin. Yaro ɗaya yana tsaye a goshin jirgin, ba ya magana, sai nuni da hannu, dama ko hagu, mai inji yana bi. Kututture yake dubawa. Lokacin da ruwa ya taso ba a sare dajin ba, itatuwan suna nan tsaye a ƙarƙashi har yau, kuma su ne suka fi fasa jirage a wannan tafki. Ƙanenmu na Bawku, wanda ke kwana bisa lodin albasa har Ankara ba ya ko gezau, ranar nan bai saki carbi ba. Yayanmu ya ce masa ya kwantar da hankali, ai ruwan gida ne: Farin Volta da ke ratsa ƙasar Bawku da kogin Daka da mutanen Yendi ke sha duk nan suke zubowa. Bai yi dariya ba.

Mun sauka gab da magariba. Garin bai fi gida sittin ba, yawancinsu ginin ƙasa da jinka. Mafi yawan masunta Ayigbe ne da Ada waɗanda suka biyo kifi daga kudu, sai Konkomba masu noman doya a tudu, sai Hausawa gida biyar da ɗan masallacinsu. Hausa da Twi ake ciniki da su. Babu asibiti, babu famfo, wuta sai ta sola a gidan da ke cajin waya, waya kuma ba ta kamawa sai an hau wata suri a bayan gari. Can aka hau aka sanar da mu rasuwar Kawu, bayan hadari ya lafa.

Washegari muka buɗe littafi a gaban liman. Muka ce a fara da gida da fili. Liman ya dube mu ya ce, "Malam, a nan ba a gadon ƙasa." Ashe tsibirin nan kansa tudu ne na ƙasar wani sarki da ke can gaɓa, ruwa ne ya kewaye shi. Baƙo in ya zo, shugaban masunta ke kai shi gaban wakilin sarki da goro da ɗan abin gaisuwa, a nuna masa inda zai kafa, kowace shekara kuma ya kai kifi ko kuɗi. Ginin nasa ne, ƙasar ba tasa ba ce, ba ya sayarwa, kuma babu takarda ko guda. Dokar filaye ta 2020 ta ce a kafa ofisoshi a masarautu da za su riƙa rubuta irin wannan yarjejeniya, amma a tsibirin ba mu sami wanda ya taɓa jin labarinta ba. Gidan ma da ake ta zance a Salaga ɗaki uku ne, kuma shi ne na uku da Kawu ya gina. Na farko ruwa ya ci, na biyu ma ya tafi a cikar 2023, shekarar da aka buɗe ƙofofin Akosombo har Mepe ta nutse. Amarya ta nuna mana wurin da yatsa. Kwalekwale ne ke ɗaure a kai.

To, ina dukiyar? Kwalekwale biyu, injin Yamaha guda, raga, murhun banda shida, da wani littafin makaranta mai bangon shuɗi wanda ya rubuta da ajami. Wannan littafi shi ne gadon na gaskiya. Kawu yakan ba masunta raga da mai bashi, su kuma su riƙa kawo masa kifi har su biya. Shi ma ana binsa: wata 'yar kasuwa a Yeji ta ba shi jari bisa sharaɗin ita kaɗai zai sayar wa. Kwana biyu muka yi muna bi gida gida. Wasu suka amsa nan take, wani tsoho har ya ƙara da abin da ba a rubuta ba. Mutum biyu kuwa sun riga sun bi kifi zuwa wajen Kete Krachi, ba a san ranar komowarsu ba. Da muka fitar da bashin da ke kansa, kamar yadda shari'a ta ce a fara, abin da ya rage bai kai kuɗin ɗaki biyu a Salaga ba.

Mu Hausawan ƙasar nan bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 kakanninmu suka watse zuwa Yeji da Kintampo da Kete, suka gina zango. A Kete ne Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya zauna yana karantarwa har ya rasu a 1934. Tsohuwar Kete ɗin nan tana ƙarƙashin ruwan da muka bi. Mutum kusan 80,000 aka tayar saboda tafkin, aka zaunar da su a sababbin garuruwa 52. Duk da haka har yau in ɗanmu ya yi shekaru a waje, tambayar farko a zaure ita ce fili nawa ya saya, ba wanda ke tambayar wa ya ba shi, kuma bisa wane sharaɗi.

Gardamar da ta fi zafi a kan injin aka yi ta. Yayanmu ya ce a sayar a raba, kowa ya huta. Amma in an sayar, kwalekwalen sun zama itacen girki, masu bashin kuma babu mai zuwa karɓa. Muka tsaya a kan a bar shi hannun ƙanen amarya, a rubuta ƙimarsa da rabon kowa, ya riƙa aiko da kason mutanen Salaga duk bayan wata uku. Liman da shugaban masunta suka sa hannu. Uwargida ba ta ji daɗin wannan ba da muka dawo, kuma ba mu ga laifinta ba.

Sauran yaron. Shekararsa goma sha uku, makarantar tsibirin ta tsaya a aji shida, malami ɗaya ne, shi ma wata biyu ke nan bai dawo daga karɓar albashi ba. Kawunsa na uwa yana so ya tsaya masa a goshin jirgi. Daren ƙarshe muka gaya wa amarya muna son tafiya da shi.

"Malam, in kun tafi da shi wa zai duba mini raga?"

"Inna, hutu sau uku ne a shekara, mu za mu kawo shi da kanmu."

Ba ta ce komai ba. Da asuba muka tarar ta ɗaure masa kayansa a buhun shinkafa, da kwandon banda na uwargida. Yanzu yana ajin farko na ƙaramar sakandare a Salaga. Lissafi ba ya ba shi wahala, Turanci ne muke fama, kuma har yanzu in ya ga ana layi a bakin rijiya sai ya tsaya yana kallo.