Wa ke riƙe da ragamar hulɗar ƙasashe? Abin da rikicin Nijar ya nuna mana



Masana hulɗar ƙasashe sun kasu a kan rawar da gwamnati ke takawa a tsakanin ƙasa da ƙasa. Ɓangaren farko, irin su Hans Morgenthau, na cewa gwamnati ce kaɗai mai faɗa a ji, kuma ƙarfi da muradi take bi. Na biyu, irin su Robert Keohane da Joseph Nye, na ganin ciniki da ƙungiyoyin ƙasashe suna ɗaure hannun gwamnatoci. Na uku, irin su Alexander Wendt, na cewa yadda al'ummomi ke kallon juna, a matsayin 'yan uwa ko abokan gaba, shi ke tsara muradin kansa.

Mu a Minna mun ga an gwada ukun bayan sojoji sun kifar da Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023.

Masu ra'ayin ƙarfi suna da hujja. Najeriya ta rufe iyaka, ta katse wutar da ke zuwa Yamai ta layin Birnin Kebbi, alhali madatsar Kainji da ke jiharmu na cikin tushen wannan alaƙa. Da umarni ɗaya motocin kaya suka tsaya cak a Jibiya da Illela, masu fataucin dabbobi da albasa suka shiga tasku.

Ra'ayi na biyu kuwa ya sha kashi. ECOWAS ta ba sojojin wa'adin mako guda, ta yi barazanar yaƙi, amma Bazoum bai koma kujerarsa ba. Ƙarshe ma Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewarsu a Janairun 2024. Ƙungiyar da ta tura dakarun ECOMOG Laberiya a 1990, zamanin Janar Babangida, ta kasa riƙe mambobinta.

To me ya hana yaƙin? A ganinmu nan ra'ayi na uku ya fi kusa da gaskiya. Sanatocin Arewa sun ƙi, Majalisar Dattawa ta nemi a bi hanyar sulhu. Janar Abdulsalami Abubakar, dattijon garin nan, ya je Yamai tare da Sarkin Musulmi. Tafiyar farko ba su ga Janar Tchiani ba, sai a ta biyu. Muhammadu Sanusi II da tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau, waɗanda ba su da soja ko ɗaya, an buɗe musu ƙofa. Mutumin Katsina ba ya ɗaukar na Maraɗi baƙo, ga auratayya, ga harshe, ga addini. Gwamnatin da za ta ce ya yaƙe shi sai ta fara shawo kan jama'arta. A Fabrairun 2024 aka janye takunkumin, a Maris Najeriya ta buɗe iyakarta.

Ba mu ce gwamnati ba ta da ƙarfi ba, talakan da ya sha wahalar rufe iyaka shaida ne. Amma zumuncin da ya girmi iyakar ya taka mata birki. Wannan zumunci kuwa a hannun irinmu yake: 'yan kasuwa, malamai, masu unguwanni da ƙungiyoyi. Don haka muna kira ga mambobinmu da mu kyautata wa 'yan Nijar da ke neman abinci a cikinmu, mu kuma guji yaɗa kalaman tunzuri a shafukan sada zumunta.

Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.