Saƙar Zuci Ba Ta Barin Jiki

Tun kafin asibiti ya iso ƙasar Hausa, harshenmu ya riga ya faɗi abin da likitoci ke ta bincike a kansa. In mutum ya ji mugun labari, cewa muke yi gabansa ya faɗi, ko cikinsa ya ɗuri ruwa, ko jikinsa ya yi sanyi. Murna mu kira ta farin ciki, kishiyarta kuwa baƙin ciki. To, ka duba, ya mai karatu, ta kunne labari ya shiga, amma ciki da gaba da jiki su ne suka amsa. Ashe ba banza ba magabata suka ce labarin zuciya a tambayi fuska.

Mu da muka yi shekaru da alli a hannu muna ganin wannan abu kowace shekara. Da zarar jarrabawar WAEC ta gabato, sai 'yan ajin ƙarshe su fara zuwa ɗakin malamai ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce kansa na zafi kamar an ɗora masa garwashi, waccan ta ce wani abu na yi mata yawo a ƙeya, wani kuma ya ce in ya buɗe littafi sai baƙaƙen su riƙa rawa. A kai su asibiti, a duba jini, ba zazzaɓin cizon sauro, ba taifot. Abin ba sabo ba ne, domin kuwa tun a 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Kanada, Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro da ke Abeokuta, ya yi rubutu a kan irin waɗannan alamu a jikin ɗaliban Nijeriya, ya kira abin gajiyar ƙwaƙwalwa.

In muka zaunar da irin wannan yaro muka bi shi a hankali, galibi sai mu tarar magana ɗaya tak yake ta nanata wa kansa dare da rana: "In na faɗi, na kashe babana, don buhunan masararsa ya sayar ya biya mini." Bai shiga ɗakin jarrabawa ba tukuna, amma a zuci ya faɗi sau ɗari, kuma kowace faɗuwa sai jiki ya biya kuɗinta. Mu malaman ma haka muke. Wata ya yi nisa, albashi shiru, ga kuɗin haya, ga na makarantar yara, sai ka ga mutum ya kwanta ƙarfe 10 amma har zakara ya yi cara yana saƙa da warwara.

Yadda abin ke faruwa, wani masani na Jami'ar Habad a Amurka, Walter Cannon, ya bayyana shi tun a 1915. In ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, sai ta aika wa wasu 'yan halittu biyu da ke zaune bisa ƙoda, su kuma su zuba sinadarin adirenalin cikin jini. Nan take zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau, narkar da abinci ta dakata, jiki ya shirya wa ɗayan biyu, faɗa ko gudu. Daga baya aka gano wani sinadarin, kotisol, mai ƙara suga a jini da hana barci ya yi nauyi. Wannan shiri baiwa ce ga wanda ya yi kiciɓis da kura a daji. Matsalar ita ce jiki ba ya bambanta kurar daji da kurar tunani. Abin da aka yi shi don 'yan mintoci, in ya zarce wata da watanni, dole a ji a jika. Hawan jini yana da dalilansa, irin su gado da gishiri da ƙiba da shekaru, amma damuwa itace take ƙara wa wutar.

A shekarun 1960 wani likita a Jami'ar Fensilbaniya, Aaron Beck, ya lura cewa masu ciwon baƙin ciki mai tsanani suna da wasu maganganu da ke faɗo musu a rai ba sallama, game da kansu da duniya da kuma gobe. Sai ya riƙa koya musu su kama maganar su tuhume ta, su nemi shaidarta. Hanyar tasa ta bazu a duniya. Mu kuwa da muka taso a majami'a, da muka ji wannan bayani sai muka tuna da Annabi Iliya.

Labarin yana cikin Littafin Sarakuna na Ɗaya, sura 19. Iliya ya gama yin nasara a Dutsen Karmel ke nan, wuta ta sauko a idon jama'a, ruwan sama ya dawo bayan shekarun fari. Sai Sarauniya Yezebel ta aiko masa da saƙon kisa. Saƙo ɗaya ya rushe mutumin da ya tsaya gaban annabawan Ba'al 450. Ya gudu har Biyer-sheba, ya bar baransa a can, ya nausa jeji tafiyar yini guda, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi mutuwa. Maganar da ke cin sa kuwa ita ce wai shi kaɗai ya rage. Alhali ba da daɗewa ba Obadiya ya gaya masa da bakinsa cewa ya ɓoye annabawa 100 a kogo yana ciyar da su. Tsoro da gajiya sun goge masa wannan daga allon zuciya.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda Ubangiji ya bi da shi daki-daki. Da farko bai tsawata masa ba, bai kuma yi masa wa'azi ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ci gurasa ya sha ruwa, ya sāke kwanciya, aka sāke tashinsa ya ci. Sai da ya yi tafiyar kwana 40 ya kai Horeb sa'an nan aka tambaye shi abin da ya kawo shi, aka saurare shi har sau biyu yana maimaita kukansa. Bayan wannan ne aka gyara masa lissafi, aka sanar da shi akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. A cikin wannan jawabi ne kuma aka ba shi aikin yi, daga ƙarshe aka haɗa shi da Elisha ya zama abokin tafiya. Wato abinci da barci, sai sauraro, sai aiki da gaskiya, sai zumunci.

Manzo Bulus ma, a wasiƙar da ya rubuta wa Filibiyawa yana tsare, ya lissafa irin abubuwan da ya kamata tunani ya zauna a kansu, na farko a jerin kuwa gaskiya ne. A nan ne mutane da yawa ke kuskure, su ɗauka bangaskiya ita ce mutum ya yaudari kansa, ya ce ba komai alhali da komai. Yesu ya yi kuka a kabarin Li'azaru, ya kuma gaya wa almajiransa irin nauyin da ke ransa a Getsamani. Zabura cike take da koke-koke. Abin da ake nema gare mu shi ne mu faɗi gaskiyar gaba ɗayanta. Albashi bai zo ba, gaskiya ne. Amma bara ma an yi haka, ga mu a raye, wannan ma gaskiya ne, kuma shi ne rabin da damuwa ke ɓoyewa.

Sai dai akwai wani rami a gefen wannan hanya. Wasu sun ɗauki maganar sun wuce gona da iri, suna cewa duk wanda ya kwanta ciwo tunaninsa ne ya ja masa, ko bangaskiyarsa ce ta gaza. Mun yi aiki da wani malami, mutumin kirki, mai hawan jini, wanda aka gaya masa a wani taron addu'a cewa shan ƙwaya alamar shakka ce. Ya ajiye maganinsa. Bai cika wata huɗu ba ya faɗi a bakin allo, ɓarin jikinsa ya shanye. Har yau in mun je gaishe shi, da hannun hagu yake miƙo mana gaisuwa.

Likitoci su kansu sun taɓa zuwa wuya da irin wannan zato. Shekara da shekaru suna ɗora laifin gyambon ciki a kan damuwa da yaji, sai a 1982 wasu likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka nuna wata ƙwayar cuta ce ke haddasa mafi yawansa, aka kuma ba su lambar Nobel a 2005. Abokan Ayuba sun nace lallai laifinsa ne ya jawo masa, Ubangiji kuwa ya ce ba su faɗi daidai ba. Luka da ya rubuta Bishara likita ne, haka ma Dakta Miller na Wusasa, wanda ya yi ɗawainiyar fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa da ta fito a 1932. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Wanda baƙin ciki ya hana shi ci da barci mako da makonni, ko ya fara zancen gara ya mutu, a yi masa addu'a a kuma kai shi wurin likita, akwai asibitocin wannan fanni a Barnawa ta Kaduna da Kware da Maiduguri.

Abin da muke yi yanzu da ɗalibanmu ba shi da wuya. Mu fara tambayar yaro ko ya karya kumallo, da kuma ƙarfe nawa ya kwanta, domin da yawansu goro da kofi suke ɗura wa cikinsu su kwana karatu. Sa'an nan mu ba shi takarda ya rubuta maganar da ke damunsa, ya karanta ta da ƙarfi. Mu tambaye shi, wa ya gaya maka haka? Ina shaidarka? In abokinka ne ya zo maka da wannan magana, me za ka ce masa? Sau da yawa kafin ya kai tambaya ta uku sai ka ga ya saki ajiyar zuciya. Daga nan mu haɗa shi da abokan karatu, kada ya zauna shi kaɗai.

Ya kamata kuma iyaye da malamai mu lura da bakinmu. Yaron da aka kira daƙiƙi a aji ɗaya yakan ɗauki kalmar ya riƙa faɗa wa kansa ita da muryarsa har ya yi furfura. Rai dangin goro ne, sai ana ba shi iska ana yayyafa masa ruwa. Ubangiji ya tsare mana zukatanmu, ya sa kalmar da za ta fito daga bakinmu ta zama magani ga mai jinta, amin.