Dashen Inji

A Amurka ciyawar ƙofar gida ba abincin dabbobi ba ce, ado ce, har ma a garuruwa da yawa in mutum ya bar tasa ta yi tsawo hukuma kan ci shi tara. Saboda haka duk mai babban fili yakan sayi wata 'yar mota mai kama da ƙaramar tarakta, ya hau ya tuƙa, wuƙaƙe na juyawa a ƙarƙashinta suna aske ciyawar.

To, abin da ya kamata mai karatu ya fara sani shi ne, galibin masu ƙera waɗannan motoci bodi kawai suke yi, injin kuwa sayowa suke. Ko John Deere da ya fito da samfurinsa na 110 a 1963, injin Kohler ya ɗora masa. Sauran manyan masu inji su ne Briggs & Stratton na birnin Milwaki, da Tecumseh, wanda ya daina ƙera inji a ƙarshen 2008 ya bar motoci birjik cikin maraici. Tun da ba uwa ɗaya ta haifi bodi da inji ba, ba safai suke mutuwa rana ɗaya ba.

Ni dai na ga wannan aiki ne sa'ad da nake karatu a jihar Kansas, a gidan wani dattijo da nake haya. Gwiwoyinsa sun gaji, ba ya iya tura ƙaramin injin hannu, kuɗin fanshonsa kuma ba su kai na sabuwar mota ba. Jikansa ya yi yankan yini guda bai duba baƙin mai ba, inji ya buga. Sai dattijon ya samo wata tsohuwar mota wadda tsatsa ta cinye gindinta, giyarta ta mutu, amma injinta na Briggs lafiya lau. Ya nuna mini wasu lambobi a jikin murfin injin, ya ce biyun farko na rukuni na uku su ne shekarar ƙira, watau in sun fara da 94, to a 1994 aka yi shi.

Tambayar da na fara yi masa ita ce ƙarfin doki nawa injin yake da shi. Ya yi dariya, ya miƙo mini ma'auni, ya ce, "Yarona, auna sandar tukuna." Ashe duk maganar tana ga wannan sanda da makanikai ke kira karanshaf. A wasu injuna kwance take, ta ɓullo ta gefe, kamar ta injin niƙa da na ban ruwa da muka saba gani a gida. A wasu kuwa tsaye take, ta leƙo ta ƙasa. Mai kwance ba ya shiga gurbin mai tsaye sai an yi wa motar ɓarna. In an dace a nan, saura kauri da tsawo. Kaurin yakan zama inci 1, ko inci 1 da kashi ɗaya bisa takwas, kuma wannan ɗan bambanci ya isa ya hana fuli shiga. In tsawo ne ya saɓa, bel zai riƙa tafiya a karkace yana cin kansa, ko ya yi ta zamewa. Namu kauri ya yi daidai, tsawo ya gaza kaɗan, sai da muka yi ciko da zoben ƙarfe.

Cire tsohon fuli shi ya cinye mana yini guda, don tsatsa ta aurar da shi da sandar. Ramukan kusoshi huɗu kuwa sun hau ba gardama.

Wurin waya ne dattijon ya ƙi yarda in sa hannu, kuma ina ganin yana da gaskiya. Injuna iri biyu ne. Akwai wanda makulli ke aika wa kwayil wutar batir kafin fulogi ya ba da wuta, kamar yawancin tsofaffin Kohler. Akwai kuma mai yin wutarsa da maganaɗisu, wanda makulli ke kashe shi ta hanyar haɗa wayarsa da jikin ƙarfe. In aka kuskura aka tura wa na biyun wutar batir ta wannan waya, nan take kwayil zai ƙone. Ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya da ɗan ƙwan gwaji, har da wadda ke kashe inji in direba ya tashi daga kujera. Wasu kan tsinke ta don ragwanci, alhali kuwa ita ce tsakanin ƙafar mutum da wuƙa.

Salansa ba ta zauna inda tsohuwar take ba, sai da aka yi mata walda, aka kuma gutsure gefen bonet don kada zafi ya taɓa tiyon fetur. Rana ta uku da la'asar ya murɗa makulli, inji ya yi tari sau biyu ya kama, ya hau ya nufi bayan gida inda ciyawa ta kai ƙauri. Mataccen injin kuwa bai yar ba. Ya kwance kafireto da sitata ya zuba a kwali, ya rubuta lambar injin a jiki, ya ɗora bisa kanta kusa da waɗansu kwalaye irinsa.