Gwajin gida da gaskiyar kasuwa

Sunan da aka raɗa wa tsarin yana da ruɗi. Ana ce masa "marar saba", alhali sabar tana nan, sai dai ba a hannunka take ba. Tun da Amazon ya fito da AWS Lambda a 2014, mai gina shafin intanet kan rubuta ɗan guntun umarni mai aiki ɗaya tak, ya danƙa wa kamfani. Kamfanin ne ke tashinsa idan an kira shi, ya kwantar da shi idan ya gama.

Aikin jarida ne ya kai ni wannan fage, domin irin wannan guntun umarnin ne kan karɓi adireshin mai karatu idan ya yi rajista, ko ya tabbatar da cewa ya biya kuɗi. Tarbiyyar ɗakin labarai kuwa ba ta yarda a kai rubutu bugu ba a duba ba. To, yaya za ka duba abin da mazauninsa kwamfutar wasu ce?

Amsar ita ce a kwaikwayi sabar a kwamfutarka. Umarnin "netlify dev" na buɗe shafinka da ayyukansa a localhost:8888, "vercel dev" kuma a 3000. AWS SAM na amfani da Docker ya gina akwati mai kama da na Lambda. Gyaran da a da sai ka tura ka zauna jira, yanzu kana ganin sakamakonsa nan take. Ga wanda intanet ke zo masa ta ɗauke, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Sai dai kama da wane ba ta wane. A wurin kamfani, aikin da ya jima ba a kira shi ba yakan ɗauki lokaci kafin ya farka, jinkirin da gwajin gida ba ya auna maka daidai. Abin da ka ajiye a ƙwaƙwalwar manhaja yana iya zama daram a kwamfutarka, amma a can kira na gaba na iya faɗawa kan sabon akwati da bai san komai ba. Lambda na yanke duk aikin da ya wuce wa'adinsa, wa'adin kuma ba ya haura minti 15. Makullan sirrin da ke fayil ɗin .env ma ba sa bin ka sai ka saka su da kanka.

Shi ya sa na ɗauki gwajin gida tamkar karatun farko da marubuci ke yi wa rubutunsa: yana kama kuskuren tunani da wuri, ba tare da kowa ya gani ba. Karatu na biyu shi ne turawa shafin gwaji na kamfanin kafin a buɗe wa jama'a. Wanda ya tsallake shi ya bar wa mai karatu aikin gano kuskure, mai karatun da fom ya cinye masa kuɗi kuwa da wuya ya sake dawowa.